Ciwon suga: Abin da gwajin fararen ƙwayoyin jini ke ɓoyewa

Mai ciwon suga kan karɓo sakamakon gwajin jini ya ga adadin fararen ƙwayoyin jininsa daidai yake, amma gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa.

Waɗannan ƙwayoyi su ne dakarun garkuwar jiki. A jikin baligi mai lafiya, ana samun 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikrolita ta jini. Mafi yawansu nau'in nutrofil ne, masu fara isa wurin rauni su haɗiye ƙwayoyin cuta. Sai limfosait, masu gane cutar da ta taɓa shiga jiki.

Idan suga ya daɗe yana hawa, nutrofil kan yi sanyin jiki: ba sa saurin isa wurin, kuma ko sun isa ba sa kashe ƙwayar cutar yadda ya kamata. Na'urar gwaji kuwa ƙirga su kawai take yi, ba ta auna aikinsu. Shi ya sa likitoci ba sa sakin jiki da lamba mai kyau, domin ciwon ƙafa kan yi zurfi ba tare da adadin ya tashi ba, wani lokacin ma babu zazzaɓi.

Wannan raunin garkuwa na daga cikin dalilan da haɗarin kamuwa da tarin fuka ya ninka sau biyu zuwa uku ga masu ciwon suga.

Masu bincike sun kuma lura cewa a nau'i na 2 na ciwon, waɗanda sugansu bai daidaita ba sun fi samun rinjayen nutrofil a kan limfosait, alamar kumburi na ɓoye a jiki. Sai dai wannan bai maye gurbin gwajin HbA1c ba, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Ga yawancin manya, ana so ya kasance ƙasa da kashi 7.

A Afirka ta Yamma akwai ƙarin abin lura. Mutane da dama adadin nutrofil ɗinsu ya yi ƙasa tun haihuwa, gado ne ba cuta ba. Masu sikila kuma HbA1c kan ba da sakamako mai ruɗarwa, saboda jajayen ƙwayoyin jininsu ba sa kai kwana 120 da aka saba. Su likita kan dogara ne da awon suga na yau da kullum.