Ba Aljani Ba Ne, Lissafi Ne

Kwanan nan wani nau'in bidiyo ya cika wayoyin jama'a a TikTok da WhatsApp. Sai saurayi ya ce ka riƙe lamba a ranka, ka tara, ka ɗebe, sannan ya faɗa maka sakamakon ba tare da ka buɗe baki ba. Wasu na cewa yaron da aljanu yake aiki, wasu kuma wai kwamfuta ce ta fara leƙa zukatan bayin Allah. Duka biyun ba haka ba ne. Abin bai wuce lissafin ɗan firamare ba.

Ga wanda ya fi yawo. Ka zaɓi lamba tsakanin 10 da 99, a ce 47. Ka haɗa 4 da 7, ka sami 11, ka cire shi daga 47, saura 36. Sai a nuna maka jadawalin lambobi, kowace da alama a gefenta, a ce ka dubi ta 36. Kafin ka ɗago kai, ga alamar a fuskar waya. Ai 47 goma huɗu ce da bakwai. In ka cire bakwan, ka kuma zare ɗaya daga kowace goma, abin da zai rage tara ce sau huɗu. Duk lambar da ka ɗauka, ba za ka tsallake 9, 18, 27, har zuwa 81 ba, kuma mai jadawalin ya riga ya manna musu alama iri ɗaya. In ka sake gwadawa sai a sauya alamar don kada ka farga. Sauran dabarun ma haka suke: a sa ka share lambarka da hannunka, a bar wadda mai wasan ya sani tun farko.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tushenta aljabra ce, wadda Al-Khuwarizmi ya tsara a Bagadaza wajejen shekarar 820, kuma a 1612 Bachet na Faransa ya buga littafi cike da irin waɗannan wasanni. Abin da ya fi damuna shi ne namu da muka yi watsi da shi.

Mutum nawa cikin masu mamakin nan suka taɓa jin sunan Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi? Malami ne daga Katsina, masanin lissafi da falaki. Ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira, inda ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar, Abdurrahman Al-Jabarti. A 1732 Al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci kan ilimin wafaƙi, wato abin da muke kira hatimi, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimin da gidajen gefensa mara ne, kamar uku, biyar ko bakwai.

Duk wanda ya zauna kusa da malamin zaure ya ga hatimi mai gida tara a kan allo. Lambobi 1 zuwa 9 jimillarsu 45, a raba wa layi uku, kowanne 15. Dole 5 ta zauna a tsakiya, sannan a tsaye, a kwance ko a karkace, 15 ɗin ce za ta fito. Wannan ƙa'ida ce da ake koyo, ake kuma tabbatarwa da hujja. Masu binciken tarihin lissafi a Turai da Amurka suna ambaton Bakatsinen nan, mu kuwa mun bar hatimi a cikin laya, mun jefar da lissafin da ke cikinsa.

Illar ba ƙarama ba ce. Wanda aka ruɗe shi da tara yau, gobe ɗan damfara zai ce zai ninka masa kuɗi, ya kuwa miƙa. Sanin gaibu sai Allah, kowa na faɗa da baki, amma da an faɗi lambar da ke ransa sai jiki ya yi sanyi.

Malaman lissafi su daina cika allo da ƙa'idojin hadda kawai. Ku yi wa ɗalibai wasan nan a aji, ku ce ba mai fita tara sai an gano sirrin. Ma'aikatun ilimi na jihohinmu kuwa, musamman ta Katsina, me suke jira? A sa Al-Katsinawi cikin manhaja, a nemo littafinsa a fassara shi zuwa Hausa. Kusan shekara 300 da rubuta shi, jiran ya isa haka.