Saurin Furosesa da Tsawon Wasali: Abin da Zafin Gure ke Yi wa Kwamfutar Mai Nazarin Harshe

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama abokiyar tafiyar duk ɗalibin kimiyyar harshe da ya fita tattara bayanai. Da ita ake naɗar murya, da ita ake buɗe Praat domin auna wasula da karin sauti, da ita kuma ake rubuta hira a ELAN. Sai dai da zarar an baro ɗakin karatu an shiga gari mai zafi da ƙura, wasu halaye sukan fara bayyana: na'urar ta riƙa nauyi ba dalili, ta ƙame na ɗan lokaci, sautin da ake naɗa ya riƙa tsinkewa, wani zubin ma ta mutu ta sake tashi da kanta. Amsar da aka saba ji wajen masu gyara ita ce ƙwayar cuta ta shiga, a goge komai a sake ɗora Windows. Sau da yawa babu wata ƙwayar cuta. Tushen matsalar wata dabara ce da aka gina cikin furosesa da gangan, wato sauya saurin aikinsa gwargwadon bukata da zafin jiki.

Garin Gure, wanda ke kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa, wuri ne da ya dace a kafa misali da shi. Tsohuwar cibiyar ƙasar Muniyo ce, inda Mangawa masu karin harshen Barebari ke cuɗanya da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye, don haka mai binciken cuɗanyar harsuna ba zai rasa abin aunawa ba. Heinrich Barth ya bi ta nan a watan Disamban 1852, kuma kalmomin harsunan wannan yanki da ya tattara a tafiyarsa da alƙalami da takarda ya yi, kayan da zafi bai dama ba. Na'urar yau ba haka take ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a yankin yakan wuce digiri 40, alhali kuwa yawancin kamfanonin kwamfutar tafi-da-gidanka digiri 35 suka gindaya a matsayin iyakar zafin wurin da za a yi aiki da ita. Da hunturu kuma ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi takan cika fanka da ƙofofin iska. Ke nan na'urar takan shiga bazara da toshewar da ta kwaso tun daga hunturu.

Me ya sa furosesa ke sauya sauri

Mai nazarin furuci ba baƙo ne ga ma'aunin Hz ba. Idan aka ce muryar namiji tana wajen Hz 120, ana nufin tantanin maƙwallatonsa yana kaɗawa sau 120 a daƙiƙa guda. Da wannan ma'auni ɗin ake auna furosesa. Yana da agogo mai bugawa, kuma kowane bugu dama ce ta yin ɗan mataki ɗaya na lissafi. Furosesa mai GHz 2.5 yana bugawa sau biliyan biyu da rabi a daƙiƙa.

Kowane bugu yana cin wuta, wutar kuwa zafi take komawa. Abin da ake ci yana hawa daidai da yawan bugun, amma yana hawa ninki biyu na lissafi da ƙarfin wutar da ake ba furosesan, wato ƙarfin a ninka shi da kansa. Idan aka rage ƙarfin wuta daga bolt 1.2 zuwa 0.9, cin wutar zai sauka zuwa kimanin kashi 56 cikin ɗari. Idan aka haɗa da rage saurin zuwa rabi, sai ya dawo kashi 28. Wannan riba ce ta sa Intel ya fito da SpeedStep a shekarar 2000, AMD ya fito da PowerNow! a shekarar, daga baya kuma Cool'n'Quiet ya zo wa kwamfutocin tebur. A 2008 aka ƙara Turbo Boost, wanda ke ba furosesa damar zarce saurinsa na asali muddin jikinsa bai yi zafi ba. A 2015, da zuwan Speed Shift, aka miƙa yawancin shawarar ga furosesan kansa maimakon babbar manhaja. Sakamakon duk wannan shi ne lambar da aka rubuta a jikin kwali ba ta faɗin saurin da na'urar ke gudu a kai. Cikin daƙiƙa ɗaya yana iya hawa da sauka sau da dama.

Dabara ce mai kyau, kuma ba don ita ba da batir bai kai ƙarshen hira guda ba. Amma tana tsaye ne a kan sharaɗi mai tsauri: kowane sauri yana da mafi ƙarancin ƙarfin wutar da zai ɗauke shi. Kafin a ƙara sauri dole wuta ta riga hawa, kafin a rage wuta dole sauri ya riga sauka. Idan aka sami saɓani, ko da na ƙiftawar ido ne, saƙon lantarki ba zai isa inda aka aike shi ba kafin bugu na gaba, lissafi ya fito a karkace, daga nan sai shuɗin allo ko ƙamewa.

Ba zato ba ne, an ga haka a fili. A shekarar 2024 Intel ya amsa cewa wasu furosesoshinsa na tebur, zubi na 13 da na 14, suna neman wutar da ta wuce kima, abin da ke gajiyar da su har su daina tsayawa daidai. Ya fitar da gyare-gyare a watannin Agusta da Satumba, ya kuma ƙara shekara biyu a kan wa'adin garanti. Kafin nan, masu amfani da Linux a kan ƙananan kwamfutoci masu furosesan Bay Trail sun shafe shekaru suna fama da ƙamewa, maganin da ya yaɗu kuwa shi ne a hana furosesan shiga barci mai nauyi. Irin wannan ta sami wasu na'urori masu Ryzen na farko a 2017. Abin lura a misali na ƙarshe shi ne na'urar takan ƙame ne lokacin da ba ta aikin komai, akasin abin da mutum zai yi tsammani. Bay Trail kuwa shi ne ke cikin ɗimbin kwamfutoci masu araha na wajejen 2014, irin waɗanda aljihun ɗalibi ke iya kai wa a kasuwar ƴan gwanjo.

A wuri irin Gure, abin da ya fi yawa ba mutuwar na'ura ba ne, jan birki ne. Yawancin furosesoshin zamani suna da iyaka a wajen digiri 100. Da sun doshi nan sai su sauke saurinsu da ƙarfi, wani lokaci zuwa MHz 800 ko ƙasa da haka, har jiki ya huce, sannan su sake zabura, su sake yin zafi. Wuta ma tana da hannu a ciki. Wasu kwamfutoci, irin su na Dell, sukan rage saurin furosesa idan ba su gane cajar da aka jona musu ba, kuma batir da ya tsufa ba ya iya cike giɓi idan wutar injin ko ta hasken rana ta yi rawa.

Inda abin ya shafi bayanan harshe

A nan ne ya kamata ɗalibi ya natsu, domin ɓarnar da ta fi muni ita ce wadda ba ta yin ƙara. Da fari a kawar da wani kuskuren fahimta: raguwar saurin furosesa ba ta sauke karin sautin abin da aka naɗa. Katin sauti yana da nasa agogon dabam, wanda ke ɗibar ɗigon sauti 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa, ko furosesa na gudu ko yana rarrafe. Saboda haka “kuka” na hawaye, mai karin sama da sama, ba zai rikiɗe ya koma “kuka” ta miya, mai sama da ƙasa, don kwamfuta ta yi zafi ba.

Abin da ke faruwa dabam ne. Ɗigon sautin yana taruwa ne a wata ƴar ma'ajiya ta wucin gadi, kamar ƙwaryar da aka tara a ƙarƙashin indararo, aikin furosesa kuma shi ne ya juye ta kafin ta cika. Ma'ajiya mai ɗigo 256 tana cika cikin milisakan 5.8 idan ana naɗa a kan 44,100. Mai ɗigo 1,024 tana ɗaukar milisakan 23. Idan furosesa ya ja birki saboda zafi, ko ya makara wajen tashi daga barci a daidai lokacin da wata manhaja ta riƙe shi, sai ƙwaryar ta cika ta zube. Abin da ya zube ya tafi ke nan. Wata manhajar takan cike gurbin da shiru, wata kuwa ta manne gaɓoɓin biyu kamar babu abin da ya ɓace.

A auna wannan da muryar da aka ambata a baya. A Hz 120, kaɗawa ɗaya ta tantanin maƙwallato tana cin milisakan 8.3. Zubewar ma'ajiya mai ɗigo 1,024 ta haɗiye kusan kaɗawa uku ke nan. Kunne zai iya jin ɗan ƙas, ko ma kada ya ji komai idan ana hira a tsakar gida da hayaniyar awaki da yara. Amma Hausa harshe ne da tsawon wasali ke bambanta ma'ana a cikinsa. “Gari” na mutane da “gari” na tuwo karin sautinsu ɗaya ne, ƙasa da sama. Abin da ya raba su kawai shi ne wasalin gaɓar farko, gajere a na farko, dogo a na biyu, kuma tazarar ta milisakan gommai ce. Haka abin yake ga baƙi mai shadda, kamar a “baba” da “babba”, da kuma ɗan lokacin da ke tsakanin sakin baƙi da farawar wasali, wanda ake dubawa wajen kwatanta /k/ da /ƙ/. Duk waɗannan awo ne na lokaci, lokaci kuwa shi ne abin da zubewar ke sacewa.

Haɗarin ya fi girma ga mai kwatanta al'ummu biyu. A ɗauka ɗalibi yana son ya gano ko Bamange mai jin Hausa a matsayin harshe na biyu yana riƙe bambancin dogon wasali da gajere kamar yadda Badamagare ke yi. Ya naɗi rukuni ɗaya da sassafe na'ura na sanyi, ya naɗi ɗayan bayan azahar tana huci. Idan wasulan rukuni na biyu suka fito da ɗan gajarta, sakamakon zai yi kama da abin da ya yi hasashe tun farko, ba kuma mai saurin tuhumar sakamakon da ya zo daidai da hasashensa. Ta haka zafin rana zai shiga kundin digiri da sunan tasirin Barbarci. Kwamitin jarrabawa zai tambayi yawan masu magana da shekarunsu da jinsinsu. Da wuya a ji an tambayi irin na'urar da aka yi naɗin da ita da kuma ƙarfe nawa aka yi shi, alhali tambayar ta cancanci a yi ta.

Masu gwajin saurin fahimta, waɗanda ke auna milisakan nawa mutum ya ɗauka kafin ya danna maɓalli, su ma abin ya shafe su. A tsofaffin furosesoshi ma'ƙirgin lokaci na ciki yana bin saurin agogo ne, har ya kai kwamfutoci masu Athlon 64 X2 sun yi suna wajen rikita lokaci sai da AMD ya fitar da gyara. Furosesoshin baya-bayan nan sun rabu da wannan, amma jinkirin fitowar sauti ko hoto yana nan idan na'urar ta ja birki.

Abin da ya fi dacewa a yi

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a saki furosesa ya yi gudu iyakar ƙarfinsa koyaushe. A ɗakin naɗar sauti mai na'urar sanyaya iska shawara ce mai kyau. A Gure cikin watan Mayu kuwa ita ce hanya mafi sauri ta kai shi digiri 100. Naɗar murya ɗaya aiki ne mara nauyi. Abin da yake bukata shi ne sauri matsakaici wanda ba ya rawa. A Windows mai Faransanci, ƙarƙashin “Options d'alimentation”, akwai “État maximal du processeur”. Mayar da shi kashi 99 cikin ɗari yakan kashe Turbo Boost a na'urori da yawa, zafi ya ragu sosai. Ɗaga “État minimal du processeur” zuwa wajen rabi kuma yana rage tazarar hawa da sauka. Sai a faɗaɗa ma'ajiyar sauti zuwa ɗigo 1,024 ko 2,048: ƙwarya babba ta fi wuyar cika, kuma jinkirin da take jawowa bai dami mai naɗar hira ba. Audacity, tun daga fitowar 2018, yana iya sa alama a duk inda ya gano sauti ya zube, don haka a tabbata an kunna wannan zaɓi.

Sauran matakan na hannu ne. A buɗe na'urar a share fanka bayan hunturu, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi idan ya bushe, a ɗora ta a kan abu mai tauri da iska ke ratsa ƙarƙashinsa maimakon tabarma ko katifa, a rufe intanet da sauran manhajoji lokacin naɗi. Wanda sashensu ke da ƴar na'urar naɗar sauti ta musamman, irin su Zoom ko Tascam, ya are ta, ya bar wa kwamfuta aikin nazari da dare. Fayil da aka riga aka naɗa lafiya ba ya lalacewa don Praat ya yi nauyi wajen buɗe shi.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ya kamata a yi kafin a zaunar da mai magana na farko. A kunna sauti guda miƙaƙƙe mara canzawa daga wayar hannu, a naɗe shi na minti goma a wurin da za a yi aikin, a kuma daidai lokacin da za a yi shi, sannan a buɗe hoton sautin a Praat. Layi ɗaya ya kamata a gani a kwance daga farko har ƙarshe. Duk inda wani siririn layi ya gitta shi a tsaye, ko aka ga giɓi, nan ne sauti ya zube. A adana wannan fayil tare da sauran bayanan, a rubuta kwanan wata da sa'a da sunan na'urar a jikinsa.