Kama da Wane Ba Wane Ba: Gaskiya da Ƙarya Kan Kalmomi Masu Kama da Juna

A fadar shayi ta samarin Tasawa da Mayahi, da cikin saƙonnin WhatsApp, ba a rasa mai cewa duk kalmar Hausa da ta yi kama da ta Bature, to ɗaya ce ta haifi ɗaya. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu kuwa shaci-faɗi.

"Boko daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi ta fito." Ƙarya ne. Masanin Hausa Paul Newman ya bi diddiginta a 2013, ya nuna tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin yaudara ko abin jabu. Shaida ita ce "amaryar boko", wadda ake lulluɓewa a madadin amarya ta gaskiya ranar kai ta ɗaki. Da karatun Nasara ya zo, sai aka laƙaba masa sunan don raini.

"Zagi ne kiran malamin lakwal mushe." Ƙarya ne. Wannan mushen daga *monsieur* na Faransanci yake, ba ruwansa da dabbar da ta mutu ba yanka. Ka saurari ɗan makaranta: in malam yake kira, "mu" gajere ne kuma murya ƙasa; in mushen akuya ne, sai ya ja shi da murya sama.

"Allon karatu shi ne *allô* na waya." Ko kusa. Namu daga *lauh* na Larabci yake, na Faransanci kuwa da tarho ya yaɗu a ƙarshen ƙarni na 19. Haka *mari*: miji ne a Faransanci, a wurinmu tafi ne a kunci. Jigoro Kano, ɗan Japan da ya kafa wasan judo a 1882, shi ma ba Bakano ba ne.

"Sukari da *sucre*, tasa da *tasse*, dangi ne." Wannan kam gaskiya ne, amma ba wanda ya ara daga wani. Larabci ne ya ba kowa: mu ta hannun fatake da malamai, Faransawa ta cinikin tekun Bahar Rum.

Harsunan duniya sun kai kusan 7,000, sautukan bakin ɗan Adam kuwa kaɗan ne, dole a riƙa yin kiciɓis. Saboda haka in an turo maka irin wannan labari, tambayi abu biyu: ma'anar ta zo ɗaya? Ta wace hanya kalmar ta biyo, kuma yaushe? In mai turowa ya kasa amsawa, kada ka tura gaba.