Ruwan Lambu Yana Komawa Rijiya da Kayansa

A yawancin shekaru ruwan saman da Agadas ke samu ba ya kai milimita 200, amma daga Tabelot da Timiya da bakin ƙoramar Telwa ake lodin albasa, dankalin turawa da lemo zuwa kasuwannin kudu. Noman nan kaf ya rataya ne a kan ruwan da ambaliyar damina ke cusawa cikin yashi, inda rijiyoyi marasa zurfi ke tarar da shi.

Ruwan da aka sakar wa fangali kashi uku yake rabuwa: shuka ta sha, rana ta ɗebi nata, saura ya nutse. Wanda ya nutse ɗin yakan koma inda rijiya ke ɗiba, inji ya sake zuƙo shi. Ke nan mai lambu yana maimaita ruwa ɗaya ko bai yi niyya ba.

Sai dai kowane zagaye yana ƙara masa kaya. Rana ruwa kawai take ɗauka, ta bar gishiri, kamar yadda ake gani a ramukan gishiri na Tegidda. In ka ga fari-fari kamar kanwa a gefen fangali, bakin ganyen albasa ya ƙone, kanta ya ƙi cika, to gishiri ya fara yawa. Takin yuriya da shuka ba ta ci ba kuma yana rikiɗa ya zama naitaret, ya bi ruwa ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitaret a kowace lita ta ruwan sha, domin in ya wuce haka yana iya hana jinin jarirai ɗaukar iska. Tafasawa ba ta cire shi.

Masar ta kama wannan matsala da kuɗi: a 2021 ta buɗe matatar Bahr al-Baƙar, mai tace kubik mita miliyan 5.6 na ruwan magudana a kullum, ana kai shi gonakin Sinai. Manomin Azbin, yankin waɗannan lambuna, ba shi da irin wannan ƙarfi, amma yana da dabara. Albasa ba ta jure gishiri, ita ke shan ruwa mai daɗi; dabino yana ɗaukar fiye da ninkinta uku, shi ya dace da rijiyar da ta fara zartsi. A riƙa sa taki kaɗan-kaɗan, a raba rijiyar sha da ta lambu, a kai ruwa gwaji kafin shuka da kuma ƙarshen rani, lokacin da rijiya ta ja baya gishirinta ya taru.