Shin Ko Kun San? Binciken da ya Sauya Jinyar Yaran da ke Rai a Hannun Allah

Shin ko kun san cewa ɗakin kulawa ta musamman da ake kwantar da waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu ya samo asali ne daga gadon wata yarinya 'yar shekara 12? A 1952 annobar shan-inna ta afka wa birnin Kofanhagen na ƙasar Danmak, yara suna ta mutuwa a asibitin Blegdam domin cutar ta shanye musu naman da ke jan numfashi. Wani likitan sa barci mai suna Bjørn Ibsen ya ce gurɓatacciyar iska ce ke taruwa a jikinsu tana kashe su. Ranar 27 ga Agusta aka huda maƙogwaron yarinyar, Vivi Ebert, aka zura bututu, aka riƙa matsa jakar roba da hannu ana hura mata iska. Ta rayu. Da yake babu injinan da za su wadatar, sai aka kwaso ɗaliban likitanci kusan 1,500 suna karɓa-karɓa dare da rana, kowa da jakarsa a hannu da yaronsa a gaba. Shekara uku bayan haka, a 1955, Göran Haglund ya buɗe irin wannan ɗaki na yara zalla a birnin Gotanbag na Suwidin.

Shin ko kun san cewa ƙarin ruwa na iya kashe yaro mai zazzaɓi? A nan sai a nutsu a karanta da kyau. Shekara da shekaru littattafan likitanci suna koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaitar, hannuwansa suka yi sanyi, bugun jininsa ya yi rauni, a buɗe masa ruwa da sauri cikin jijiya. Babu wanda ya taɓa gwada wannan ƙa'ida da gaske, don kowa na ganin a bayyane take. Farfesa Kathryn Maitland da abokan aikinta suka gwada ta a asibitoci shida na Yuganda da Kenya da Tanzaniya, a binciken da ake kira FEAST. Yara 3,141 aka raba ta hanyar ƙuri'a: wasu aka ba su ruwa da sauri, wasu aka bar su a kan ruwan da ke ɗiga a hankali. Niyyar masu binciken ita ce su nuna amfanin ruwan don a wadata asibitocin Afirka da shi. Sai reshe ya juye da mujiya. Cikin awa 48, kusan yara 11 cikin 100 na waɗanda aka buɗe wa ruwa sun rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa 7 ne cikin 100. Kwamitin da ke sa ido ya tsayar da binciken a Janairun 2011.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne likitoci da nas-nas ɗin da ke tsaye a bakin gadon ba ƙarya idonsu ya yi musu ba. Yaron da aka ba ruwa yakan ɗan farfaɗo a awar farko, hannu ya yi ɗumi, bugun jini ya dawo. Daga baya ne zuciya ke gazawa. Mutum ɗaya da ke duba yara goma ko ashirin ba zai taɓa hango wannan ba, sai an tara dubbai an ƙirga. Mu da uwa ba ta yarda an duba ɗanta sai ta ga leda rataye a sanda, har a kyamis ɗin unguwa ake cewa "a sa masa ruwa ya ji ƙarfi", ya kamata wannan labari ya shige mu. Amma kada a ɗauke shi a kai inda bai je ba: binciken bai haɗa da yara masu gudawa da amai ba, bai haɗa da masu ƙuna ko tamowa mai tsanani ba. Yaron da kwalara ta tsotse, ruwan nan shi ne ransa.

Shin ko kun san cewa Ilorin na cikin wuraren da aka kayar da kwinin? Binciken AQUAMAT, wanda aka wallafa a 2010, ya haɗa yara 5,425 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a cibiyoyi 11 na ƙasashen Afirka tara. Waɗanda aka yi wa allurar atesunet, kashi 8.5 cikin 100 suka rasu. Na kwinin, kashi 10.9. Bambancin kamar kaɗan ne a takarda, amma a Najeriya, ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na zazzaɓin cizon sauron duniya, rayuka ne masu ɗimbin yawa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunet a gaba.

Shin ko kun san abin da ke kashe yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau wa ka ya suma? Sai a 2015 aka gani ƙuru-ƙuru. Dakta Terrie Taylor da tawagarta a Bilantaya ta Malawi sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 168 da na'urar MRI. Cikin 25 da suka rasu, 21 ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ainun, har ta danne wurin da ke tafiyar da numfashi.

Shin ko kun san cewa robar sabulun wanke gashi ta taɓa zama na'urar numfashi? Dakta Mohammod Jobayer Chisti na birnin Dakka a Bangaladash ne ya haɗa ta. Ana sa wa yaro siririn bututun oksijin a hanci, sai a tsoma bakin bututun da iska ke fita a cikin robar da aka zuba wa ruwa. Duk numfashin da yaron ya fitar sai ya ture ruwan, kana jin ɓul-ɓul ɗin kumfa daga bakin ƙofa, wannan ɗan matsin kuma shi ke hana huhu rufewa. A gwajinsa na 2015 da yara 225 masu ciwon namoniya mai tsanani, kashi 4 cikin 100 suka rasu a kan robar, kashi 15 a kan oksijin da aka saba. Duniya ta yi ta yabo. Amma da aka kai irin wannan dabara asibitin gundumar Salima a Malawi, inda babu likitan da ke zagayawa kullum, sakamakon 2019 ya zo a juye: kashi 17 a kan na'urar, kashi 11 a kan oksijin kawai. A ganina wannan shi ne darasin da masu kawo mana kayan agaji suka fi ƙin ji. Dabarar ɗaya ce, hannun da ke kula da ita ne ya bambanta, kuma ba a aiko hannu cikin kwali.

Shin ko kun san cewa ko ƙarin jini ba awo ɗaya ba ne ga kowa? Binciken TRACT na Yuganda da Malawi ya nuna a 2019 cewa yaron da jininsa ya ƙone kuma jikinsa ba zafi ya fi amfana da jini mai yawa, mai zazzaɓi kuwa ya fi tsira da ƙaramin awo.

Ƙasashen masu hali ma abin bai bar su ba. A Beljiyam da Holan da Kanada, binciken yara 1,440 ya nuna a 2016 cewa jinkirta abincin jijiya har mako guda ya rage kamuwa da sababbin cututtuka, ya kuma rage kwanakin jinya. A Birtaniya, gwajin yara kusan 2,000 da ke kan injin numfashi ya nuna cewa barin awon oksijin tsakanin 88 da 92 ya ɗan fi cusa shi sama da 94.

Shin ko kun san yadda ake neman yardar uwa alhali ɗanta na jijjiga a hannunta? A FEAST an nemi amincewar baki a take, bayan taƙaitaccen bayani, sannan a dawo da cikakken bayani da sa hannu in hankali ya kwanta, kuma kwamitocin ɗa'a na ƙasashen ne suka amince da tsarin tun kafin a fara. Mutanen Kano sun san dalilin wannan taka-tsantsan fiye da kowa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya samu yardarsu da baki, kuma sanƙarau ne ya yi kisan. Shari'a ta ja har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Kafin nan labarin ya riga ya shiga cikin hujjojin da aka kafa wajen dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003. Sai a 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, sai kuma a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyyar dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar da cewa yaran da suka rasu 'ya'yansu ne.