Ko Kun Sani? Karnuka 4,000 Da Kotu Ta 'Yanta A Amurka

Ko kun san cewa akwai gonakin da ba a kiwon komai a cikinsu sai karnukan da za a sayar wa ɗakunan bincike don gwajin magunguna? Irin da aka fi nema shi ne bigul, wani ɗan madaidaicin kare mai dogayen kunnuwa, saboda ba shi da faɗa kuma yana da sauƙin sarrafawa. A irin waɗannan gonaki kare ba ya samun suna, lamba kawai ake zana masa a cikin kunne.

A shekarar 2021, ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ta yi binciken sirri a gonar kamfanin Envigo da ke jihar Bajiniya a Amurka. Jami'an ma'aikatar noma ta ƙasar su ma sun gano cewa 'yan kwikwiyo sama da 300 sun mutu a can cikin wata 7. A 2022 gwamnati ta maka kamfanin a kotu, aka rufe gonar, aka kwashe karnuka kusan 4,000 aka raba wa masu son riƙonsu a gida. Da yawansu ba su taɓa taka ciyawa ba sai ranar da suka fito. A 2024 kamfanin ya amsa laifinsa, aka ɗora masa biyan dala miliyan 35.

Ƙasar Italiya ta riga Amurka yin nisa: tun 2014 dokarta ta haramta kiwon karnuka, kyanwoyi da birai don gwaji a ɗakunan bincike.