Maɗigar Jariri da Saƙon da Ba Shi da Isnadi

A kwanakin baya wani saƙo na murya game da kan jariri da maɗigarsa ya yi ta yawo a WhatsApp tsakanin matan Kafanchan, daga zauren zumuntar mata na coci zuwa na makarantun Islamiyya, har ya isa Kagoro da Zonkwa da Kwoi, kuma duk wadda ta tura wa 'yar'uwarta takan ƙara da cewa wata babbar likita ce ta faɗa, alhali kuwa babu mai iya ambaton sunan likitar, ko asibitin da take aiki, ko garin da ta yi maganar. Malamanmu na dā, in aka kawo musu labari, sai sun tambayi isnadinsa kafin su dubi mataninsa. Wannan kuwa ko maruwaici guda ba shi da shi. Duk da haka bai kamata a yi watsi da shi ɗungurungum ba, domin wanda ya tsara shi ya cakuɗa gaskiya da ƙarya da gwaninta, kuma guda daga cikin ƙaryar tana iya kai yaro kushewa.

Abin da saƙon ya faɗa cewa mai babban kai shi ne mai basira, mai doguwar ƙeya kuma zai yi taurin kai, zancen hira ne. Cewa taɓa maɗiga yana kashe jariri shi ma bai inganta ba, domin akwai tantani mai ƙarfi a ƙarƙashin fatar, kuma uwa tana iya wanke wurin ba tare da fargaba ba.

Inda saƙon ya yi gaskiya shi ne da ya ce a riƙa auna kan yaro, sai dai ya ɓata nasihar da ya ce a auna da zare a gwada da kan ɗan maƙwabciya. Ma'aikaciyar jinya tana zagaya tef ne daga saman gira zuwa inda ƙeya ta fi tudu, sa'an nan ta gwada abin da ta samu da jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka gina bisa awon yara masu lafiya daga ƙasashe shida, ciki har da Ghana, tsakanin 1997 da 2003. Bisa ga wannan jadawali, matsakaicin zagayen kai ranar haihuwa yana kusa da santimita 34, a shekara guda ya kai 45 zuwa 46, a shekara biyu 47 zuwa 48, kuma na maza ya ɗan ɗara na mata. Yara masu ƙoshin lafiya da yawa suna sama ko ƙasa da waɗannan adadi, saboda haka awo guda ba ya yanke hukunci. Abin lura shi ne yadda kan yake ƙaruwa daga wannan awo zuwa wancan, kamar santimita 2 a wata cikin watanni uku na fari, sa'an nan ya yi ta raguwa.

Siffar kai kuwa, masana sukan gwada faɗinsa da tsawonsa, hanyar da Anders Retzius na ƙasar Suwidin ya fito da ita a shekarun 1840, wadda wasu Turawa suka ɗauka suna rarraba 'yan Adam daraja-daraja, har ilimi ya ƙaryata su. Ƙasusuwan ƙoƙon kan jariri ba su haɗe ba, hikimar kuwa ita ce kan ya iya matsewa a lokacin haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sami wurin girma. Don haka ɗan da aka sha doguwar naƙuda kansa yakan fito da tsini, ya kuma koma daidai da kansa cikin kwanaki ko 'yan makonni, ko an gasa shi ko ba a gasa ba.

To, ga inda illar take. Mai maganar ta ce in aka ga maɗigar yaro ta faɗa, to kansa ne ya tsage, kuma tsagewar ce take sa shi zawo da amai. Wai maganinsa a gasa wurin da tsumma da ruwan zafi, a danna ƙasusuwan su haɗu, a liƙa haɗin toka da mai, kada kuma a kai shi asibiti, wai ba ciwon asibiti ba ne. Wannan magana ta juya sababi ta mai da shi sakamako. Zawon ne yake zuwa da fari. Shi ne yake zuƙe ruwan jikin jariri, wanda kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, kuma idan ruwan ya ragu sai wurin nan mai laushi ya lotsa, kamar yadda idanunsa suke zurmawa, bakinsa ya bushe, fitsarinsa ya yi ƙaranci, ya yi kuka ba hawaye. Maɗigar da ta faɗa alama ce mai bayyana cewa yaro yana bukatar ruwa a cikinsa cikin gaggawa, kuma babu abin da za a shafa a waje wanda zai mayar da shi. A kan wannan babu saɓani tsakanin likitoci.

Ba na ganin laifin kakar da ta gaskata. Ta ga ramin da idonta, ta ga zawon, ta kuma ga yaran da aka liƙa wa magani suka tashi, domin zawo da yawa yakan tsaya da kansa muddin uwa ba ta daina ba da nono ba. Sai nono ya yi aiki, toka ta karɓi yabo, waɗanda ba su tashi ba kuwa a ce kwana ne ya ƙare. Wanda nake ganin laifinsa shi ne mai waya a hannu, mai ilimin da zai iya tambayar nas a unguwarsu, amma ya zaɓi ya ara wa jahilci rigar likita ya tura wa mutum ɗari. Ruwan zafin yana ƙona fatar jariri, wadda ba ta jure abin da hannun babba yake jurewa. Abin da aka liƙa yana rufe wurin da ma'aikacin lafiya zai duba. Mafi muni kuma shi ne jinkirin, domin zawo mai tsanani yana iya halaka jariri cikin yini ɗaya ko biyu. Abin yi shi ne a ci gaba da shayarwa, a dama ruwan gishiri da sukari na fakiti kamar yadda aka rubuta a jikinsa a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, in kuwa maɗigar ta riga ta faɗa, ko yaron ya kasa tsotso, ko ya yi lakwas, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

Saƙon bai ce komai ba game da kishiyar wannan, watau maɗigar da ta kumbura ta yi tauri alhali yaro yana zaune ba kuka yake ba. In da zazzaɓi, ana tsoron sanƙarau, musamman a watannin zafi kafin saukar damina; in kuwa kan yana girma fiye da ƙima wata bayan wata, ana tsoron taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Danna irin wannan kai ganganci ne.

Game da lokacin rufewar maɗiga ba za a iya yanke rana ba. Ƙaramar ta baya takan rufe wajen wata biyu zuwa uku, babbar ta gaba galibi tsakanin wata 12 da 18, wasu kafin haka, wasu har kusan shekara biyu, duk cikin lafiya. In ta wuce haka akwai sabubba da dama, ɗaya daga ciki shi ne laushin ƙashi mai tanƙwara ƙafafun yara, wanda binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna cewa a yaranmu ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci yana da babban hannu a cikinsa. Akwai kuma yaro ɗaya cikin kimanin 2,000 zuwa 2,500 wanda ƙasusuwan kansa suke haɗewa kafin lokaci, kan ya yi ta karkacewa yana ƙaruwa, har a ji tudu a kan mahaɗar ƙashin. Wannan aikin likitan fiɗa ne. Ƙeyar da ta baje saboda yawan kwanciya wani abu ne daban, kuma goyo da sauya gefen da yaro yake fuskanta sukan taimaka, amma kada a kifa jariri ya yi barci rub da ciki domin gyaran ƙeya. Bambance waɗannan biyu ba aikin ido ba ne a tsakar gida. Mai jego ta je da katinta ranar awo ko rigakafi, a babban asibitin Kafanchan ko ɗakin shan magani na unguwarsu, ta roƙi a auna kan a rubuta adadin da kwanan wata, domin likitan da za a tura ta gare shi a Jos ko Shika zai so ya ga awon baya kafin ya faɗi ra'ayinsa.